Ranar da Ciyawa Ta Rufe Siminti

Duk wanda ya taɓa jerawa da Baba Mai Ciyawa a ƙafa ya san ba a sauri da shi. Kuna tafe kana zuba masa labari, sai ka waiwaya ka ga kai kaɗai kake ta surutu. Shi yana can baya tsugune a bakin kwalbati, ya zaro 'yar wuƙar nan tasa mai ƙotar katako, yana tono wani tushen ciyawa da ya yi masa kyau. Zai karkaɗe shi a hankali, ya duba saiwar, ya jefa a aljihun gaba, sannan ya miƙe ya ce, "To, ina muka tsaya?" Haka yake yi a hanyar kasuwa, haka a hanyar masallaci. Akwai ranar da muka je gaisuwar mutuwa, ana tsaka da addu'a na ga idonsa ya kafe a gindin katangar masu gidan. Na bar yi wa mamaci addu'a na koma roƙon Allah kada Baba ya tashi. Ya daure har aka shafa, amma ba mu bar gidan nan ba sai da aljihunsa ya yi nauyi.

Ku mutanen Kongo-Rasha kun san sunansa na yanka. Ni ba zan kama shi ba, domin surukina ne, mahaifin matata Bilki. Kuma duk cikinku babu wanda ya ji jiki da ciyawar nan kamar ni. Ku kallo kuka sha daga bakin zaure kuna dariya, ni kuwa aurena aka rataya a kanta.

Saboda waɗanda suka tare a unguwa daga baya, bari in faɗi mafarin abin. Baba direban babbar mota ne, shekara da shekaru yana lodi a kasuwar Katako yana kai wa masu gini. Dab da zai ajiye tuƙi, ya kai kaya wani gida a Rayfield, unguwar manya, ya tarar da farfajiya shimfiɗe da ciyawa kore shar, an aske ta daidai wa daida. Ya dawo ya tsaya a tsakar gidansa yana kallon ƙasa, ya ce shi ma sai ya yi irinta. Matsalar ɗaya ce, babu ƙasar. Tun daga bakin zaure har ƙofar madafa siminti ne, wanda ya kwaɓa da hannunsa tun zamanin da siminti yake siminti. Kowa ya ce masa ya sa a fasa.

"In fasa shi? Me ya yi mini?" in ji Baba. "Tun kafin a haife ku yake ɗauke da ni, ko tsagewa bai yi ba. Shi ya zauna a ƙasa, ita ta zauna a sama. Su koyi haƙuri da juna."

Ya fara da gwangwanayen madara, ya jera su a gindin bango, kowanne da tushen ciyawarsa. A wannan hali na same shi.

Ni tela ne, shagona yana bakin titi, kuma a nan na fara ganin Bilki tana wucewa kemis ɗin da take aiki. Ita ce autar Baba. Mahaifiyarsu ta rasu, yayyenta duk aure da aiki sun watsa su garuruwa, daga ita sai shi a gidan. Da muka daidaita, na tura Baffana neman aure. Baba ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ce shi ba ya son lefen fariya, ba ya son a wahalar da yaro.

"Sai dai abu guda," ya ce wa Baffa. "A ƙauyen ubana, mai neman aure noma yake yi wa surukinsa. Ni kuwa ba ni da gona sai wannan." Ya nuna simintin da sandarsa. "Ranar da ciyawa ta rufe shi, ba a ganin ko faɗin tafin hannu, ku dawo a sa rana."

Baffa ya dawo yana fara'a, ya ce, "Nasiru, ka yi sa'ar suruki." Ni ma na yarda na yi sa'a. Ciyawa fa, abin da ake biyan mutane su nome a zubar? Na aika wa Bilki ta fara zaɓen atamfar anko. Ni da ko albasa ban taɓa shukawa ba, na yi wa abokaina alkawarin shinkafar biki kafin damina ta raba.

Na aro baro, na fara jigilar ƙasa daga bakin rafi kullum da yamma bayan na rufe shago. Hannun da bai saba ɗaukar abin da ya fi almakashi nauyi ba, nan da nan duk ya yi bororo. Da na ga ƙasar ba ta auki, sai na shimfiɗa ta siriri-siriri, kamar mai shayi yana shafa bota a burodi. Muka juye gwangwanayen Baba muka dasa. Na koma gefe na riƙe ƙugu ina jin kaina manomi.

Kun san ruwan Jos ba ya sallama. Wata la'asar ya sauko har da ƙanƙara, ina shago ina murna Allah ya shayar mini da gona. Da na iso, simintin Baba yana ƙyalli tas, ko ƙwayar ƙasa babu. Ƙasar da ciyawar duk sun bi rariya, sun gangara bayan katanga, sun sauka a ɗan lambun Mama Kaneng, maƙwabciyarsa mai sayar da kayan miya. Bayan 'yan makonni sai ga ta da ƙullin alayyafo mai manyan ganye, ta miƙo mini.

"Tela, na gode fa," ta ce. "Ƙasa ɗin da ka aiko yana da kyau sosai. In za ka aiko wani, ka sa mishi taki kaɗan."

Baba ya karɓi alayyafon ya jujjuya shi, ya dube ni. "Ka gani? Ƙasar ba ta da laifi. Zama ne ba ka koya mata ba."

Sai muka shiga koya mata zama. Baba ya tafi Katako gaishe da tsofaffin abokansa, kuma duk wanda ya gaisar sai ya taso da guntun katako daga rumfarsa, ba tare da ya taɓa aljihu ba. Muka kewaye tsakar gidan da su. Ni kuma, da yake ina da basira, na cusa tsummokaran shago a rariya don kada Mama Kaneng ta sake samun rabo. Ruwan da ya biyo baya bai sami hanyar fita ba. Tsakar gida ta zama kududdufi, kwaɗi suka tare da iyalansu, Bilki tana tsallake daga bulo zuwa bulo da tukunya a hannu kafin ta kai madafa. Baba ya fito da kujerarsa bakin ƙofa, ya daɗe yana kallo.

"Tela, ciyawa na ce maka ko shinkafa?"

Suruki ba ya mayar da magana. Na naɗe wando na shiga laluben tsummana.

Kada wani ya ce muku a cikinmu akwai wanda ya san abin da yake yi. Hanyoyin kuskure muka bi ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare, wadda ta rage ita ce daidai: tsakuwa a ƙasa don ruwa ya sami wurin bi, tsofaffin buhuna a kanta, sannan ƙasa haɗe da kashin shanu da dusar katako, kaurinta ya kai taƙi guda, rariya kuma a buɗe. Ciyawa ta kama. Sai dai tafiyarta irin ta Baba ce, ba ta sauri.

Damina ta yi nisa, tushen nan suna zaune tsilli-tsilli, tsakaninsu ƙasa tsirara. Na ce wa Baba ai yanzu ba a ganin siminti. Ya ce, "Ciyawa na ce ta rufe, ban ce ƙasa ba." A nan ne shaiɗan ya ba ni shawara. Na sami wata mata da take zuwa kasuwa daga ƙauye, na sayi irin acca a wurinta, hatsin nan mai ƙananan ƙwayoyi wanda in ya tsiro ba ka bambanta shi da ciyawa. Wata yamma da Baba ya tafi masallaci na watsa shi ko'ina. Ba a jima ba tsakar gida ta yi kore daga bango zuwa bango. Na je na yi aski, na ce wa Baffa ya ba da babbar rigarsa wanki.

Abin mamaki, Baba bai yi murna ba. Ya zagaya ta bakin katako yana gyaɗa kai, fuska a ɗaure. "Ta rufe kam," ya ce. "Amma mu ba ta lokaci mu ga ko da gaske take." Duk sanda na sa aka tayar da zancen sa rana, sai ya ce a ɗan ƙara mata. Ita kuwa acca ba ta iya rufin asiri ba. Ta yi tsawo, ta fitar da kai. Ran nan Baba ya leƙa ta katanga ya kira Mama Kaneng, ya ce ta zo ta ga irin ciyawar Turawa. Ta shigo, ta tsinki kai ɗaya ta murza a tafin hannu, ta dubi Baba, ta dube ni, dariya ta kusa kayar da ita.

"Baba, wannan acca ne. Kuma ya yi kyau fa. Tela, ashe kai Birom ne ba ka gaya mana ba?"

Ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin na ranar ba. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi ba a wulaƙanta abinci, a bari ta nuna. Ni na yanke ta, ni na sussuke, Bilki ta yi gwate da ita, aka ajiye mini kwano a gabansa.

"Ci, Tela, guminka ne. Gobe sai mu koma kan ciyawa."

Da rani ya shigo, famfo ya ɗauke kamar yadda ya saba, Baba kuwa ba zai sayi ruwan garuwa ya zuba wa ƙasa ba. Sai ya koma tsayawa a ƙofar masallacin unguwa kafin azahar da la'asar, yana gayyatar jama'a su zo gidansa su yi alwala, wai can ya fi tsafta. Sharaɗi ɗaya ne, kowa ya ciko butarsa daga randar masallaci. Da yawanku kun tsuguna a jere a kan dogon katakon nan da ya shimfiɗa, shi yana tsaye da sanda yana ba da umarni.

"Malam Ladan, ɗan matsa hagu, can ya fi ƙishi. Kai kuma wace irin alwalar rowa ce wannan? Sau uku-uku aka ce."

Sai da Liman ya lura randa tana ƙafewa tun kafin magariba, sahu kuma ba ya cika sai an yi nisa da salla, sannan aka tashi kasuwar. Amma kafin nan ciyawa ta riga ta tsallake rani.

Damina ta sake zagayowa, ciyawa ta bazu, ta yi buzu-buzu. Na yi kuskuren cewa a Rayfield da inji ake aske ta. "Inji?" in ji Baba. "Ga tela a gida?" Tun daga ranar babban almakashina na yankan shadda ya sami aiki na biyu. Ba a taka ciyawar Baba, don haka a kan katako nake durƙusawa, in aske iya inda hannuna ya kai, in ja katakon gaba. Shi yana kan kujera yana auna mini da ido. Almakashi ya dakushe har ya fara tauna yadin mutane, abokaina suka laƙa mini suna Wanzami.

Zancenmu da Bilki ma nan ya koma. Ita tana bakin madafa tana tsintar shinkafa, ni ina durƙushe, Baba a tsakiya yana ba da labarin hanya, yadda birki ya taɓa tsinke masa a Hawan Kibo da lodi har sama, yadda yaron motarsa ya diro ya bar shi da salati. Duk abin da zan faɗa wa Bilki sai ya bi ta kan Baba, ya gyara shi, sannan ya isa. In na yi shirin tafiya sai ya hango wani gefe da ban daidaita ba. Na sha cin tuwo a gidan nan ba don an gayyace ni ba, sai don Baba bai gama labari ba.

A ƙarshe ko'ina ya rufe, sai wuri guda a gaban ƙofar ɗakinsa, faɗinsa bai wuce faifai ba. In na dasa yau, kwana kaɗan ta yi rawaya ta mutu. Na canza ƙasar, na ƙara taki, na kawo tushe daga wurare daban-daban, har addu'a na tofa. Baba yana tsaye a kaina yana jajanta mini. "Ikon Allah," zai ce. "Saura ƙiris fa, Tela."

Ƙiris ɗin nan kuwa ya fara cin raina. Abokan da na yi wa alkawarin shinkafa sun yi aure, har na ɗinka wa wasunsu kayan suna. Baffa ya kira ni ya ce shi ya gaji da zama abin dariya a dangi, in damina ta ɗauke ba a sa rana ba zai je ya janye maganar da bakinsa, mata ba su ƙare ba. Baffa kuwa ba ya faɗa ya fasa. Na tsorata ƙwarai, domin ni Bilki nake so, ga shi kuma ruwa ya fara ja da baya.

Wata safiya wani mai ɗinki ya zo da shadda yana sauri, na laluba na ga na manta almakashi a gidan Baba. Ban taɓa zuwa gidan da hantsi ba, lokacin Bilki tana kemis. Na yi sallama a zaure ba a amsa ba, na shiga. Ga Baba tsugune a gaban ƙofarsa, ya riƙe butar shayi da tsumma, yana tsiyaya tafasasshen ruwa a kan ciyawar da na dasa. Tururi yana tashi. A gefensa ga gwangwanin gishiri.

Ku gaya mini, me mutum yake yi in ya kama surukinsa haka? Ni dai abin da aka koya mini na yi. Na cire takalmi na durƙusa.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, Tela." Bai ajiye butar ba. "Sanyi ake yi. Na ce bari in ɗan ɗumama ta."

"Allah ya saka da alheri, Baba."

Ni ina kallon tururi, shi yana kallon buta. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na tuna baro, na tuna kwaɗi, na tuna gwate. Da wani ne ba shi ba, da unguwa ta ji mu. Can sai ya ajiye butar, ya zauna a dokin ƙofa.

"Ka san da safe in Auta ta fita me ake ji a gidan nan?" ya ce. "Agogon bango. Shi kaɗai. Ina zaune ina jin sa har la'asar, sannan ta dawo, kai ma ka zo da almakashinka in sami wanda zan yi wa faɗa. Uwarsu ta tafi, yayyenta sai a waya. Ranar da wurin nan ya rufe za ka ɗauke ta, kai ma ka daina zuwa. Ina son ciyawar nan, Allah ya sani. Amma da na yi wa Baffanka magana, na ɗauka ba za ta rufe ba sai bayan raina. Sai ka zo ka fi ni taurin kai."

Fushin yana nan, amma tausayi ya hau kansa ya danne. Na ɗauki almakashina na fita, har na kai titi sannan na lura babu takalmi a ƙafata.

Da yamma na tare Bilki a hanyar kemis, na kwashe labari na gaya mata, ina jiran ta riƙe baki. Ko gezau.

"Sai yau ka sani?" ta ce. "Gishiri yana ƙarewa a gida kamar muna kiwon shanu, ka ɗauka miya ce take sha? Mama Kaneng ma ta sani, ta katanga take hango shi."

Ashe duk layin nan ni kaɗai ne nake tofa wa ruwan zafi addu'a. Na tambaye ta me ya hana ta gaya mini. Ta sunkuyar da kai, muryarta ta canza.

"In na gaya maka, za ka ce in zaɓa. Ni kuwa ba zan iya barin sa shi kaɗai ba, kai ma ba zan iya barin ka ba. Sai na bar wa ciyawa."

Na yi kwanaki ina juya maganar. Sannan na je na durƙusa gaban Baffa, na roƙe shi ya koma wurin Baba ya ce masa in an ɗaura aure ba za a kai amarya ko'ina ba, ni zan dawo gidan, ai ɗakin yayyenta yana nan a rufe. Baffa ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Nasiru, tun kakanninmu ka taɓa jin an kai ango gidan amarya? Me zan ce wa mutane?"

"Ka ce musu gona gare ni a can, Baffa, ba ta son a yi nisa da ita."

Ya daina amsa gaisuwata na ɗan lokaci, amma ya je. Ya ce da ya faɗa, Baba ya daɗe yana kallon ƙasa, ya share ido da hannun riga, sannan ya ɗago ya ce, "To, amma ya sani ba zaman banza zai yi ba. Aski duk Juma'a." Kafin ruwa ya ɗauke wurin nan ya rufe ruf. Baba ya kira ni ya nuna mini da sanda, ko kunya babu a idonsa. "Ka ga ikon Allah ko, Tela? Da ma haƙuri take so."

Sauran kun fi ni sani, tunda ku kuka aikata. Ranar tarewa abokaina suka yi hayar mota, suka lulluɓe ni da mayafi, suka zaga unguwa da ni suna danna oda, wani yana yi mini nasiha in bi Bilki sau da ƙafa, in yi haƙuri da gidan aure. A zaure suka ce ba zan yi magana ba sai an sayi bakina, Mama Kaneng ta saya da kwandon tumatir. Har yau akwai masu tambayata ko an bar ni na je ganin gida. Nakan ce musu sai na nemi izini.

Duk shekarun da muka yi da shi a gidan nan, ban taɓa yin aski ya ce ya yi daidai ba. Ya ga 'ya'yanmu, ya ɗauke su a kafaɗa, ya yi musu faɗa, su kaɗai ne kuma suka taɓa birgima a kan ciyawar yana kallo yana dariya. Gida ya cika da hayaniya har yakan ce mun hana shi sakat, ya yi barazanar komawa tasha da zama. Bai taɓa kaiwa ko zaure ba.

Ciwon da ya tafi da shi bai daɗe ba. Ranar ƙarshe muna kewaye da shi, Bilki tana riƙe da hannunsa, yara suna ta shige da fice an kasa hana su. Ya buɗe ido ya neme ni, na matso da kunnena ina zaton wasiyya ce.

"Tela," ya ce, "gefen madafa ya fi tsawo."

"Za a gyara, Baba."

"Kullum haka kake cewa."

Ya yi murmushi, ya koma kan kalmar shahada, da ita ya cika. Da aka watse daga zaman makoki na ɗauko almakashi na gyara gefen, ina yi ina kuka, domin babu wanda zai ce mini bai yi ba. Babu mutumin da ya wahalar da ni kamar shi a duniya, kuma ina kewarsa fiye da yadda zan iya faɗa muku.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa. Bawanka ne mai tsoron zama shi kaɗai, ya Allah, kada ka bar shi shi kaɗai a inda yake. Ka yalwata masa makwancinsa, ka sanya shi dausayi daga dausayin Aljanna, ka sada shi da mahaifiyar Bilki. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.